Idan Asirin Mawaƙi Ya Tonu: Ma'aunin Kasuwa da Ma'aunin Shari'a

(Wannan shi ne matanin laccar da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa a Sabon Gari, Gusau, wanda ya samu halartar 'yan'uwa daga Tsafe da Bunguɗu. Mun kawo ta da ɗan taƙaitawa.)

 



Mai yiwuwa wani ya ce: me ya haɗa majalisi irin wannan da zancen mawaƙa da 'yan wasa, alhali kuwa ga mutanenmu na ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu rashin tsaro ya hana da yawansu zuwa gona? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amma ina roƙon kowannenmu ya tuna da wayar da ke cikin aljihunsa. Duk ranar da asirin wani shahararren mawaƙi ko wata 'yar wasa ya tonu a Kano ko Kaduna, ba a kai la'asar sai labarin ya iso shagunan cajin waya na Sabon Gari, kafin magariba kuma ya shiga ɗakunan matan aure. A wannan rana dubban Musulmi, masu sallah da azumi, sukan ɗauki zunubin da ba su san sun ɗauka ba, wasunsu ma suna zaton jihadi suke yi. Saboda haka zancen ya shafe mu kai tsaye.

Ba hukuncin kiɗa da waƙa na zo bayani ba; malamanmu sun yi wannan a wurare da dama. Abin da nake son mu duba shi ne: idan shahararre ya faɗa cikin abin kunya, me masu sana'ar suke yi da shi, me 'yan jarida suke yi, kuma da wane ma'auni suke awo?

A da can, a ƙasar nan tamu ta Zamfara, makaɗi yana da ubangida. Marigayi Musa Ɗanƙwairo ya tashi ne a fadar Maradun, Sa'idu Faru kuma an san shi da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana Talatar Mafara. Ba ina cewa duk abin da makaɗan fada suka yi daidai ne ba. Akwai zambo, akwai wuce iyaka wajen yabo. Amma idan makaɗi ya yi abin assha, an san ƙofar da za a kai ƙara, an san mutumin da zai ji kunya a madadinsa, wanda zai iya kiransa ya tsawata masa, ya kore shi, ko ya yafe masa. Yau ubangidan mawaƙi shi ne kasuwa: yawan masu kallo a YouTube, yawan mabiya a TikTok, da kamfanonin da ke ba da talla. Kasuwa kuwa ba ta jin kunya. Abin da take ji kawai shi ne riba da hasara.

Mu fara da abin da ya faru a Kano a shekarar 2007, wanda da yawa daga cikin ƙannena da ke nan suna goye sa'ad da ya faru. A watan Agusta na wannan shekara wani hoton bidiyo na tsiraici, wanda aka ɗauka da wayar hannu a asirce, ya ɓulla. Ya shafi wata 'yar wasa da ta yi suna a fim ɗin Hiyana, har aka riƙa kiran lamarin da sunan fim ɗin. Ba zan ambaci sunanta na yanka ba, domin ta yi aure, ta bar sana'ar, ta kama bakinta shekara da shekaru, kuma ba ni da hurumin yaye mata mayafin da ta lulluɓa. A lokacin babu WhatsApp. Ta hanyar Bluetooth aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya, har ya gama ƙasar Hausa. Ku lura da wannan: hoton bai yi ƙafa ya tafi da kansa ba. Kowace tafiya da ya yi, hannun wani ne ya danna.

Me masu sana'ar suka yi? Sun ga wuta ta taso, malamai na wa'azi, jama'a sun fusata, kasuwa na shirin rufewa. Nan da nan ƙungiyoyinsu suka dakatar da yarinyar, suka haɗa da wasu 'yan wasa da dama da aka ce ana zarginsu da rashin ɗa'a. Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: halin waɗannan da aka haɗa da su, a wannan makon aka gano shi? In an san shi tuntuni, me ya sa aka yi shiru muddin finafinansu na fita kasuwa? In kuwa ba a tabbatar ba, da wace hujja aka ɓata musu suna? Namijin da ke cikin hoton ba ɗan sana'ar ba ne, saboda haka babu wata ƙungiyar fim da ke da iko a kansa. Sunan da ya zauna a bakin mutane har yau na macen ne. Abin mamaki kuma, ba a daɗe ba sai ga hotunan fuskarta an buga ana sayarwa, ana liƙawa a jikin motocin haya da babura a Kano. Wanda ya tsine mata da safe, da yamma ya shiga motar da ke ɗauke da hotonta. Mai buga hoton ya samu kuɗinsa, mai sayar da mujalla ya sayar, mai tura bidiyo ya karɓi nasa. Mutum ɗaya ce ta biya.

Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, aka kuma dakatar da ɗaukar fim na wata 6. A watan Satumba na shekarar 2007 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango wata 3 tare da tara, saboda faifansa na waƙoƙi mai suna Bahaushiya, wanda ya fitar ba tare da an tace ba. Wannan lamari ya bambanta da na farko, kuma ina son ku riƙe bambancin domin za mu koma kansa: faifan Zango abu ne da aka shirya da gangan don a kai kasuwa, ba asiri ba ne da ya tonu. An kai shi gaban alƙali, an yanke masa wa'adi sananne, ya gama, ya fito, ya ci gaba da sana'arsa har ya zama ɗaya daga cikin manyan da ake ji da su. A 2009 ma kotu ta haramta wasu waƙoƙi 11, yawancinsu na sukar hukumar ne, haramcin kuma sai ya zame musu talla, domin wanda bai taɓa jin su ba ya tashi nema.

Sai shekarar 2016. A watan Oktoba ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau daga masana'antar baki ɗaya, saboda ta fito a bidiyon wata waƙa tare da mawaƙin nan na Jos mai suna ClassiQ, inda aka ga suna rungumar juna. Babu Musulmin da ya san addininsa da zai ce abin da aka yi a bidiyon nan halal ne, kuma a bainar jama'a aka yi shi. Amma masana'antar da ta yanke hukuncin ita ce wadda ta shekara kusan 20 tana cika finafinanta da rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa, ana karairaya ana kashe ido, irin na Indiya. Ashe iyakar da suka shata ba iyakar Shari'a ba ce. Iyakar fushin masu saye ce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mawaƙin da aka yi bidiyon dominsa ba ɗan ƙungiyar ba ne, ya ci gaba da harkarsa, sunansa ma ya ƙara fita. Ita kuwa, cikin 'yan kwanaki sai ga gayyata daga Amurka, daga shahararren mawaƙin nan Akon, ga kuma ƙofofin masu shirya fim na Legas a buɗe. A 2017 ta nemi afuwa, a farkon 2018 aka sanar da ɗage korar. Korar da aka yi shela da ita kamar ta har abada ce, ba ta cika shekara 2 ba.

Na baya-bayan nan da ya fi sosa mini rai shi ne na shekarar 2020, lokacin da bidiyon sirri na wata yarinya da ke fitowa a shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya fita, aka sauya ta da wata. Ta faɗa da bakinta a hira cewa ta daɗe ba ta iya fita daga gida. Da ta fito, ba a ƙofar da ta dace ta samu masu jiranta ba. Ta koma mawaƙiya, da shiga da kalamai da suka zarce abin da aka kore ta a kansa nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mabiya suka yi mata caa. Ba wanke ta nake yi ba. Kowa zai amsa nasa a gaban Allah. Amma ku dubi darasin da kasuwa ta koya wa 'ya'yanmu mata: in an tona miki asiri ba da sonki ba, za a kore ki, in ke kika tona da kanki, kika mai da shi haja, za a biya ki. Wal iyazu billahi.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Waɗanda muka kwaikwayo sana'ar daga wurinsu sun fi mu shi. A Amurka akwai mawaƙi mai suna R. Kelly. Tun cikin shekarun 1990 ake maganar hulɗarsa da ƙananan yara mata. A 1994 ya auri wata mawaƙiya 'yar shekara 15 da takardar da aka ƙara mata shekaru. A 2002 aka gurfanar da shi a Shikago, amma yana jiran shari'a faifansa na 2003 ya hau sahun farko a kasuwa, gidajen rediyo na ta sakawa. A 2008 aka sallame shi. A 2018 kamfanin Spotify ya cire shi daga jerin waƙoƙin da yake tallatawa, amma da manyan masu sana'ar suka yi ƙorafi, cikin makonni kaɗan ya janye dokar da ya kafa. Sai a watan Janairu na 2019, bayan an nuna wani shirin talabijin inda matan da ya cuta suka yi magana da fuskokinsu, sa'an nan kamfanin RCA ya rabu da shi. A daidai waɗannan kwanaki kuma masu sauraron waƙoƙinsa a intanet ƙaruwa suka yi. A 2021 kotu a New York ta same shi da laifi, a 2022 ta ɗaure shi shekara 30. Shekara 25 ke nan ana jin wari, ba wanda ya toshe hanci sai da warin ya fara korar masu talla.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a 2004, a wajen babban wasan ƙwallon Amurka da miliyoyin mutane ke kallo, inda mawaƙi Justin Timberlake ya fizge wani ɓangare na tufafin mawaƙiya Janet Jackson a kan dandamali. Gidajen rediyo da talabijin da dama suka daina saka waƙoƙinta. Shi kuwa bayan mako guda ya je ya karɓi lambar yabo ta Grammy. Sai a 2021 ya nemi afuwarta. Ashe ɗora wa mace kaya a bar namiji ba al'adar Bahaushe kaɗai ba ce, kuma ba Musulunci ne ya kawo ta ba, kamar yadda wasu marubuta ke son a yarda. Al'adar duk wanda ke auna mutane da ƙarfinsu ce.

A nan gida, a kudu, bayan rasuwar mawaƙi Mohbad a watan Satumba na 2023, wasu gidajen rediyo suka sanar da daina saka waƙoƙin tsohon maigidansa Naira Marley, saboda jama'a na zarginsa da hannu a mutuwar. A watan Fabrairu na 2025 kotu a Legas ta sallame shi daga wannan zargi bisa shawarar ofishin mai gabatar da ƙara. Amma wannan mutum ya shekara yana fitar da waƙoƙin batsa a fili, kasuwarsa ba ta girgiza ba. Abin da ya bayyana ƙarara ba a hukunta shi a kai ba. Abin da ba a tabbatar ba shi aka hukunta shi a kai, domin a ranar ne jama'a suka fusata.

Ya ku 'yan'uwa, yanzu mu ɗora wannan a kan ma'aunin Shari'a. Malaman Musulunci sun raba masu saɓo gida biyu. Akwai wanda ya yi laifinsa a ɓoye, ba a san shi da ɓarna ba. Wannan haƙƙinsa a kanmu shi ne sutura da nasiha a asirce. Akwai kuma mujahiri, wato mai bayyana saɓonsa yana alfahari da shi, yana kiran mutane zuwa gare shi. Wannan shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya fitar daga cikin waɗanda ake yi wa rangwame, kuma hana shi wajibi ne a kan masu iko. Kasuwar waƙa ta kifar da wannan tsari, ƙafa sama kai ƙasa: mai sutura da aka yaye shi ne ake jifa, mujahiri kuma shi ake gayyata biki ana yi masa liƙi.

Sa'an nan Shari'a ba ta san laifi ɗaya mai hukunci biyu ba. Kun san ƙissar matar nan Bamakzumiya da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto, Manzon Allah (SAW) ya fusata, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja da tsayar da haddi a kan mai rauni. Ku sa “mai kawo kuɗi” a gurbin “mai daraja”, za ku ga hoton masana'antar nan daga Kano har Amurka.

Game da masu yaɗawa kuwa, aya ta 19 a Suratun Nur ta yi wa masu son alfasha ta watsu a cikin muminai alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira, kuma ta sauka ne a kan masu yaɗa magana, ba a kan masu aikatawa ba. Aya ta 4 a wannan sura ta sa bulala 80 a kan wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin ɗaukar labari, ta 12 kuma ta hana leƙen asiri da cin naman ɗan'uwa. To ina matsayin mai shafin da ya rubuta kanun labari mai jan hankali, ya rufe rabin hoton, ya bar rabin, ya rubuta “Innalillahi” a sama, sa'an nan ya zauna yana ƙirga masu shigowa? Irin wannan yakan ci riba sa'ad da tauraro ke tashe, ya ci ranar da ya faɗi, ya kuma kira shi hira ranar da ya zo yana kuka yana neman afuwa, ya sake ci. Akwai 'yan jarida masu mutunci da ke ba da labarin hukuncin kotu ko sanarwar hukuma ba tare da tallata ƙazantar ba, Allah Ya saka musu; amma ba su ne aka fi bi ba, wannan kuma laifin masu bi ne.

Wani zai ce: to, ashe kada a hukunta kowa ke nan? A'a. Ƙaurace wa mai laifi yana da asali a Sunna, kuma abin sha'awa shi ne fitaccen misalinsa a kan mawaƙi ya faru. Ka'abu ɗan Malik (RA) yana cikin mawaƙan Manzon Allah (SAW), tare da Hassanu ɗan Sabit da Abdullahi ɗan Rawaha. A shekara ta 9 bayan Hijira ya ƙi fita yaƙin Tabuka ba tare da uzuri ba. Da aka dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka kawo uzurorin ƙarya, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Ka'abu da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya suka faɗi gaskiya, sai aka hana kowa magana da su har dare 50. Ku dubi yadda aka yi wannan ƙauracewa. Shugaba ne ya yi umurni da ita, ba taron kan titi ba. An yi ta ne bayan mai laifi ya amsa da bakinsa. Ba a zage shi ba, ba a ƙaga masa abin da bai yi ba, ba a hana shi masallaci ko kasuwa ba. Da matar Hilalu ta zo ta ce mijinta tsoho ne ba shi da mai hidima, aka bar ta ta yi masa hidima. Kuma a tsakiyar wannan ƙunci ne wani fatake daga Sham ya kawo wa Ka'abu wasiƙar Sarkin Gassan, yana ce masa ya ji mutuminsa ya wulaƙanta shi, ya taho wurinsu a girmama shi. Ka'abu ya jefa ta cikin tanda. Ya iya yin haka ne domin imaninsa, da kuma domin ya san waɗanda suka juya masa baya suna son sa, jiran dawowarsa suke yi. Da aya ta 118 a Suratut Tauba ta sauka, mutane suka yi ta tururuwa suna yi masa murna, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sauri ya yi musafaha da shi, Ka'abu bai taɓa mance masa wannan ba.

Duk wanda aka kora yau, wasiƙar Gassan na nan tafe gare shi, ko daga Legas, ko daga ƙetare, ko daga cikin wayarsa. Ba za mu iya hana ta zuwa ba. Abin da ke hannunmu shi ne ko wanda aka kora yana da dalilin ƙona ta. Yarinyar da aka jefa, aka tsine wa iyayenta, aka yi ta tura hotonta har a cikin zaurukan da aka buɗe don karatun addini, wa za ta yi tsammanin yana jiranta da musafaha? Lokacin da wani sahabi ya la'anci mutumin da aka sha yi wa bulala saboda giya, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida masa da son Allah da ManzonSa. A wani hadisin kuma ya hana a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Mu kuwa mun mai da taimakon Shaiɗan aikin gayya.

Akwai kuma misali daga Sayyidina Umar (RA), wanda ya kamata masu hukumomin tace waƙoƙi su yi nazarinsa. Mawaƙi Huɗai'a ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badar zambo, shi kuma ya kai ƙara. Umar, duk da sanin da yake da shi na waƙa, bai yanke hukunci da ra'ayinsa ba. Ya kira Hassanu ɗan Sabit, masanin sana'ar, ya tabbatar masa zambo ne mai muni. Sai ya tsare Huɗai'a. Da ya roƙi sassauci yana ambaton ƙananan 'ya'yansa, Umar ya tausaya ya sake shi, ya ɗauki alkawari daga gare shi, har an ruwaito cewa ya ba shi dirhami 3,000 don ya bar mutuncin Musulmi ya huta. Wato Umar ya gane cewa mutumin da harshensa yake ci, in ka hana shi ba ka ba shi madadi ba, yunwa za ta mai da shi. A 2023 Hukumar Hisbah ta Kano ƙarƙashin Malam Aminu Ibrahim Daurawa ta gayyaci 'yan TikTok da 'yan fim ta zauna da su don nasiha, wasu suka yi ta sukarta. A ganina wannan ya fi kusa da hanyar Umar fiye da takardar kora da ake karantawa gaban 'yan jarida a mance da ita bayan wata 15.

Abin da ya kamata mu nema daga MOPPAN da hukumomin tacewa, a Kano ko a nan, ba yawan kora ba ne. Mu nemi doka rubutacciya wadda kowa ya sani tun kafin ya yi laifi, wadda za ta hau kan babban jarumi kamar yadda za ta hau kan sabuwar yarinya, ta hau kan mai zuba kuɗi da mai ba da umurni da suka tsara rawar, ba wadda ta taka kaɗai ba. A saurari wanda ake tuhuma, a faɗi wa'adi, a faɗi sharaɗin dawowa. Idan kuma asirin wani aka tona, to mai tonawa shi ne farkon wanda za a nema. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan tura hotunan batsa, amma hankalin jama'a kullum yana kan fuskar da ke cikin hoton, ba kan hannun da ya sake shi ba.

Mu kuma da muke jihar da ta fara shelanta Shari'a a nan Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, nauyinmu ya fi na kowa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɗan'uwa mai shagon tura waƙoƙi a Sabon Gari ko a tashar Tsafe, in yaro ya zo ya ce a sa masa “sabon da ya fita”, naira 100 ko 200 da za ka karɓa ba za ta biya maka aya ta 19 ba. Ɗan'uwa mai kula da zauren WhatsApp, in wani ya turo irin wannan yana cewa don a ɗauki darasi ne, goge shi, ka kira shi gefe ka gaya masa ba a ɗaukar darasi da kallon tsiraicin Musulma. Wanda kuma ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya gaskata, a tambaye shi wa ya naɗa shi alƙali a kan shari'ar. Mu malamai da ɗalibai masu hawa mumbari, mu yi magana a kan aikin, mu bar ambaton sunan wadda aka yaye, domin sau da yawa daga huɗubarmu ne wanda bai ji ba yake ji, ya fita masallaci ya tafi nema.

Na ga an fara miƙo takardun tambayoyi, lokacin sallah kuma ya gabato, saboda haka a nan zan dakata. In Allah Ya so za mu amsa abin da ya sawwaƙa bayan Isha'i. Allah Ya suturce mu da 'ya'yanmu duniya da lahira.